Kafin ka sayi kokatil: ɗaya ko biyu, namiji ko mace, renon hannu ko na iyaye

Kokatil tsuntsu ne ɗan asalin Ostareliya, kuma shi ne autan dangin kokatu, manyan akun nan masu tukku a ka. Tsawonsa santimita 30 zuwa 33 ne, kusan rabi wutsiya, nauyinsa kuwa giram 80 zuwa 100. A ƙasarsa yana rayuwa ne garke-garke a busassun filayen tsakiyar nahiyar, kuma ba ya zama wuri guda. Inda ruwan sama ya sauka ciyawa ta yi 'ya'ya, can garken ke dosa. A ƙasa yake kiwo, a kogon bishiya kusa da ruwa yake sheƙa. Ostareliya ta daɗe da hana fitar da tsuntsayenta na daji, saboda haka duk kokatil da ka gani ana sayarwa a wajen ƙasar, a hannun mutane aka ƙyanƙyashe shi, haka iyayensa da kakanninsa. Amma halin zaman garke bai fita daga jininsa ba, kuma wannan hali shi ya kamata ya ja ragamar zaɓinka.

Shi ya sa tambayar farko ita ce ɗaya za ka saya ko biyu. A daji, kokatil da ya rabu da garke yana cikin haɗari, don haka yana da wani kira mai ƙarfi da yake yi har sai 'yan uwansa sun amsa. Wanda ke zaune shi kaɗai a gida kai zai mayar garkensa. Ka fita daga ɗaki, ya kira ka. Ka dawo, ya sunkuyar da kai yana neman ka sosa masa ƙeya. Shaƙuwar tana da daɗi ƙwarai, sai dai tana neman sa'o'i a kowace rana, kuma tsuntsun na iya kai shekara 15 zuwa 20, wani ma ya wuce. Idan ya rasa kulawar, kiran sai ya koma ihu, tsuntsun ya zama mai fargaba ko mai cizo. Biyu kuwa suna ɗebe wa juna kewa, suna gyara wa juna gashi, amma ba lalle su damu da kai sosai ba, musamman idan tare suka zo. A ganina, duk wanda ke barin gida tun safe sai yamma bai kamata ya sayi ɗaya ba. Maza biyu kan zauna lafiya a keji mai faɗi, kuma sun raba ka da batun ƙwai da 'ya'ya.

Batun ƙwan nan shi ne babban bambancin namiji da mace, kuma ba kasafai mai sayarwa ke ambatonsa ba. Namiji shi ne mai fito. Yana kwaikwayon sautin da yake yawan ji, yana ƙwanƙwasa bakinsa a kan abu, yana ɗan buɗe fuka-fuki yana taƙama. Mace ta fi shiru, ta fi dacewa da gidan da ba a son hayaniya. Amma macen kokatil na iya yin ƙwai ko babu namiji, wata ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa har sinadarin kalsiyam na jikinta ya ƙare. Daga nan ƙwai kan maƙale mata a ciki, kuma in ba a kai ta wurin likitan dabbobi da gaggawa ba tana iya mutuwa. Ana rage wannan ta hanyar tsawaita mata duhun dare, hana ta shiga lungun da zai zame mata sheƙa, da daina shafa mata baya. Mai son mace ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Wani abin lura kuma, kafin su sake gashi karon farko, wato tsakanin wata 6 zuwa 9, ƙananan duk kama da mata suke yi. Bayan nan ne fuskar namiji mai launin toka ke komawa rawaya sosai, ratsin ƙarƙashin wutsiyarsa ya ɓace, mace kuwa ta riƙe nata. Wanda ya rantse maka cewa ɗan wata biyu namiji ne, mafi yawan lokuta hasashe yake yi, sai fa in ya yi gwajin ƙwayar halitta da gashi ko ɗigon jini. Idan kuma magana kake nema, kokatil ba gwani ba ne. Bajarigar, ƙaramin ɗan ƙasarsu mai nauyin giram 30 zuwa 40, namijinsa ya fi shi riƙe kalmomi.

Renon hannu shi ne wanda mai kiwo ya ɗauke daga sheƙa ya ciyar da shi da kansa. Ya saba da mutum, yakan hau yatsa cikin 'yan kwanaki. Renon iyaye ya fi tsoron hannu, yana buƙatar haƙurin makonni, amma ya san zama da 'yan uwansa, kuma shi ya fi dacewa da babban keji na tsuntsaye da yawa. Mai farawa ya ɗauki renon hannu, amma da sharaɗi: sai an yaye shi, yana cin abinci da kansa, abin da kan ɗauki mako 8 zuwa 10. Kada ka yarda a sayar maka da jinjiri da sunan zai fi sabawa da kai. Abinci mai zafi kan ƙona masa maƙoshi, kuskure kaɗan kuma ya tura abincin cikin huhu. Akwai kuma babban tsuntsu da mai shi ya kasa riƙewa. Jinsinsa da halinsa a bayyane suke, kuma sau da yawa shi ya fi bukatar gida.

Launi bai shafi hali ba. Mai toka shi ne na asali. Lutino, fari mai ɗaukar rawaya da jajayen idanu, ya ɓulla a Amurka a 1958, kuma wasunsu kan gaji sanƙo a bayan tukku. Mai ɗige-ɗige in namiji ne, yawancin adon kan gushe bayan ya sake gashi.

Kokatil yana fitar da farar ƙura daga gashinsa kamar sauran danginsa, don haka mai asma ya yi shawara da likita tukuna. Yana kuma firgita cikin dare ya yi ta dukan keji har ya ji rauni, shi ya sa ake bar masa ɗan haske. Keji ya fi faɗi a kan tsawo, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 1.6. Hatsi zalla yana tara masa kitse a hanta, sai an haɗa da ganye, karas da haɗaɗɗen abincin tsuntsaye. Avokado da cakulan guba ne gare shi, haka hayaƙin kaskon Teflon, irin wanda abinci ba ya manne masa, idan ya yi zafi fiye da kima.

Ranar da za ka zaɓi tsuntsun, tsaya nesa ka kalle shi kafin ka matsa. Mai lafiya yana motsi, idonsa da hancinsa a bushe, ƙarƙashin wutsiyarsa ba kashi a manne. Tukkun ma yana magana: a miƙe cak, ya razana ko wani abu ya ja hankalinsa, a kwance lif tare da huci, ya fusata. Wanda ya kumbura gashi ya zauna a ƙasan keji, ko wutsiyarsa na ɗagawa da kowane numfashi, ka bar shi, ka bar abokan kejinsa ma, domin akwai cutar sitakosis da ke kama mutane daga aku. In kana da wasu tsuntsaye a gida, ware sabon a wani ɗaki na aƙalla kwana 30 kafin ka haɗa su.