Sanger, Illumina ko MinION: wacce ta dace da mai binciken tsutsar tsargiya?

Ɗalibai masu bincike kan tsargiya suna yawan tambayata inda za su zuba ɗan kuɗin tallafin da suka samu. Sanger, Illumina da MinION duk hanyoyi ne na karanta jerin DNA, wato sinadarin gadon halitta; zaɓi ya danganta da abin da kake nema a jikin tsutsar.

In so kake ka gane ko tsutsar tsargiya, Schistosoma haematobium, da ka tace ƙwanta daga fitsarin yara ta yi barbara da S. bovis ta shanu, kamar yadda aka gani a Senegal da Nijar, Sanger ta ishe ka. Ka karanta cox1 da ITS, sassan DNA biyu da ake bambance jinsi da su, ka zuba a BLAST, manhajar kwatanta jerin DNA a intanet, shi ke nan. Illumina ba ta cika kuskure ba, amma sai ka aika samfur waje ka zauna jira. PacBio, wata na'urar karanta DNA, ta masu hannu da shuni ce.

Ni dai MinION ta kamfanin Oxford Nanopore ce tawa. Ba ta fi wayar hannu girma ba, a kwamfuta ake jona ta, kana zaune kana kallon jerin DNA yana fitowa. Da ita aka bi sawun Ebola a Gini a 2015. Kundin halittar wannan tsutsa ya kai harafi kusan miliyan 400, cike da maimaici, gajeren karatu irin na Illumina yakan ɓace a ciki, MinION kuwa dogon zare take ja. In ka gama, ka kwatanta da na WormBase ParaSite, rumbun kundin halittar tsutsotsi a intanet, kyauta. Sai dai MinION tana son kwamfuta mai ƙarfi.

Amma don Allah ka kula da farantin da ake ɗiga samfur a kai. A firji yake zama, tsakanin digiri 2 da 8. Na taɓa saye ta hannun wani dillali, kwali tsaf, ashe ya sha zafi a hanya. Kamfanin ya lamunci ramuka 800 masu aiki, waɗanda DNA ke bi ta ciki a karanta shi, nawa ko rabi bai kai ba, dillalin kuma ya daina ɗaga waya. Ranar da faranti ya iso ka gwada shi, kafin ka cika kuɗi.

Akwai kuma masu karɓar samfurinka su dawo maka da takarda mai zanen bishiyar dangantaka kawai. Kada ka yarda. Tun farko a rubuta cewa za a ba ka ɗanyen fayil na FASTQ, mai ɗauke da jerin DNA da na'ura ta karanta, ka duba da kanka, don sau da yawa DNA ɗin mutum da na bakteriya ne suka cika shi, na tsutsar ɗan kaɗan.