Rabin yini tare da jagoran kamun kifi a gaɓar Puget Sound

A watan Afrilu na biya wani jagoran kamun kifi kuɗin rabin yini domin ya kai ni gaɓar Puget Sound, reshen tekun nan da ya kutso cikin jihar Washintan ta Amurka, mu nemi tirawut mai jan wuya. Wannan kifi, wanda ake samu daga arewacin Kalifoniya har zuwa Alaska, yana da jan zane biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi kamar an gitta masa wuƙa. A ƙananan rafuka ake ƙyanƙyashe shi, ya gangaro ruwan gishiri ya yi kiwo dab da gaɓa, shi ya sa ake iya kama shi ba tare da kwalekwale ba.

Abin da ya fi burge ni da aikin mutumin shi ne bai sa mini lokaci da agogo ba sai da ya duba jadawalin cikowa da janyewar teku, domin kifin ya fi cin ƙoto sa'ad da ruwa ke tafiya. Da muka isa, na doshi ruwa kai tsaye, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Dakata tukuna, kifin yana inda kake shirin taka ƙafa." Muka tsaya a kan tsakuwa, ya nuna mini inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce a bayan wani tsinin gaɓa, da kuma 'ya'yan kifin salmon, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, suna tafe gungu-gungu a ruwan da bai wuce gwiwa ba. A bazara suke fitowa daga rafuka, su ne kuma abincin da tirawut ɗin ke bi. Ƙoton da ya ɗaura mini kamarsu ɗaya, an yi shi da gashin tsuntsu da siririn zare mai ƙyalli, babu tana babu nama.

Kayan aikinsa masu kyau ne: sanda mai tsawon ƙafa 9, da igiya mai nutsewa a hankali, da kwandon roba da ake ɗaurawa a ƙugu domin tara igiyar, kada ciyawar ruwa da kaifin duwatsu su sarƙe ta. Sai dai wandon roban da ya ara mini yana yoyo a gwiwar hagu, a ruwan da sanyinsa ke wajen digiri 10, kuma a ganina wanda ya karɓi kuɗin mutane bai kamata ya bar irin wannan ba. Haka kuma darasin jifa ya yi gajarta. A wannan salon kamun kifi nauyin igiya ne ke ɗaukar ƙoto idan an jefa, saboda haka sabon shiga yana bukatar fiye da 'yan mintoci, musamman idan iska ta taso.

Kifi biyu na kama, babban ya kusa santimita 40. Jagoran ya tare shi da koma mai laushi, ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa shi, ya zare ƙugiyar ba tare da ya fitar da shi daga ruwa ba. Dokar jihar ta wajabta sakin wannan kifi idan an kama shi a ruwan gishiri, ta kuma wajabta lasisi da ƙugiya marar ƙaya, kuma tun a waya ya bayyana mini haka, tare da gargaɗin cewa gaɓa da yawa a yankin mallakar mutane ce. Wanda ke neman kifin miya ba nan zai zo ba, amma mai son ya koyi karanta ruwa zai ga amfanin kuɗinsa. Na riga na nemi ya ajiye mini rana ɗaya a watan Oktoba, bisa sharaɗin zan zo da wandona.