6 Minute English na BBC: yana raba mutum da fassara a zuci kuwa?

Mai koyon Turanci da ke sarƙewa a tsakiyar magana, galibi ba ƙarancin kalmomi ke damunsa ba. Da Hausa yake fara gina jimlar a ransa, ya juya ta, sannan ya furta. Kafin ya gama, abokin hira ya yi gaba. Ta nan ake samun irin su "I am hearing hunger" da "drink medicine". A kan wannan matsala za mu auna shirin 6 Minute English na sashen koyar da Turanci na BBC, sashen da ya faro tun 1943 a rediyo.

Shirin kyauta ne, yana fita mako-mako, tsawonsa kimanin minti 6. Mutum biyu ne ke hira a kan batu ɗaya, abinci ko barci ko fasaha. Sukan buɗe da tambayar kacici-kacici, su sako muryar wani masani, su tsamo kalmomi kamar 6 su bayyana, a ƙarshe su maimaita su. Akwai rubutaccen kwafin hirar a shafinsu, ana kuma iya sauke muryar a waya, ba ta cin data kamar bidiyo.

Babban alfanunsa shi ne da Turanci ake bayyana Turanci. Kalma na zuwa a cikin jimla, da abokan tafiyarta, ƙwaƙwalwa ta riƙe su a dunƙule. Wanda ya riƙe "take medicine" a haɗe ba zai tsaya neman fassarar "sha" ba.

Sai dai saurare kaɗai ba ya buɗe baki, kuma nan ne shirin ya gaza. Ba mai tambayarka, ba mai gyara maka. Kana iya shekara kana ji a cikin Keke Napep, fahimtarka ta ƙaru, harshenka yana nan inda yake. Dole ka ƙara masa aikinka, kamar minti 20 a rana. Ka fara ji ba tare da duba rubutu ba. Karo na biyu ka bi da rubutun. Sannan ka ware daƙiƙa 30 zuwa 40 kacal, ka riƙa bin mai magana da murya a fili, kana bayansa da kalma biyu ko uku, har sau 5. Saurin ne maganin, don ba ya barin sararin fassara. Daga nan ka rufe rubutun, ka ɗauki muryarka a waya kana ba da labarin abin da ka ji na minti ɗaya. Kalma ta ɓace maka? Kada ka koma Hausa, ka kewaye ta da ƙananan kalmomin da ka sani. Shiri ɗaya ya ishe ka mako guda. Masu sauke goma a dare ɗaya su ne ke fara gajiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne buɗe littafi a jera kalmomi, Turanci a hagu, Hausa a dama. Wannan ƙarfafa ɗabi'ar da ake son kashewa ne. A rubuta cikakkiyar jimlar da kalmar ta fito, in ana son ƙarin bayani a duba ƙamus na Turanci zalla, kamar Longman, wanda ke yin bayaninsa da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi. In ka saurari muryar da ka ɗauka, ka kasa kunne ga "p" da "f", don shirin bai san Bahaushe na haɗa su ba.

Lafazin na Ingila ne, misalan ma sau da yawa na rayuwar can ne. Kuma an yi shi ne don mai matsakaicin ilimi, kamar wanda ya gama sakandare yana karanta jarida amma baki ya ƙi. Mai fara koyo zai sha wuya. Gara ya soma da shirye-shiryen koyon Turanci na Muryar Amurka, waɗanda aka fara a 1959, aka riƙa karanta su a hankali da kalmomi kusan 1,500, in kunne ya saba sai ya dawo nan.