Gejin zuƙar iska: abin da ya nuna mini lokacin da silon motata ya ƙi sauka

Wata uku ke nan da na sayi wannan geji, kuma na ɗora shi a kan motata mai kafireta ya kai sau biyar, don haka ina ganin yanzu zan iya faɗin abin da na gani da idona.

Motar tsohuwa ce, silinda huɗu, giyar hannu. Littafinta ya ce idan inji ya ɗau zafi, silo, wato gudun inji lokacin da ba a taka totur ba, ya zauna wajen juyi 800 a minti ɗaya. Tawa kuwa ta kafe a 1,400. Tana tsaye amma tana gurnani kamar an ɗora ƙafa a kan totur. Giyar farko ba ta shiga sai da ƙara, mai yana ta zurarewa, kuma idan na kashe makulli sai injin ya ci gaba da tari na ɗan lokaci kafin ya mutu. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato sassauta sukurun silo. Na yi ta warware shi har bakinsa ya daina taɓa hannun totur, amma silo bai sauka ƙasa da 1,200 ba. Da na kira yayana, wanda ya daɗe yana taɓa irin waɗannan injuna, sai ya ce, "Ƙanena, sukurun ya gama nasa. Iska ce ke shiga ta wata kafa. Nemo geji ka auna kafin ka sake taɓa komai." Na ce, "To Yaya, an gama."

Gejin ba wani abu ne mai rikitarwa ba. Fuska ce kamar ta agogo da allura ɗaya, sai tiyon roba da 'yan kawunan haɗi. Ba batir, ba waya. Yana auna ƙarfin zuƙar da fistin ke yi a cikin manifol, wato bututun da ke kai iska da mai daga kafireta zuwa silinda, daga sifili zuwa inci 30 a ma'aunin zuƙa. Lafiyayyen inji mai zafi a silo yakan ba da tsakanin inci 17 zuwa 22, allura a tsaye cak. A wuri mai tudu lambar takan ragu da kimanin inci ɗaya a duk ƙafa 1,000 da aka hau sama da teku, kuma ya kamata mutum ya riƙe wannan a ransa kafin ya yanke wa injinsa hukunci. Ɗaya ɓangaren fuskar yana auna matsin famfon mai, amma ban buƙaci wannan ba tukuna.

Wajen haɗa shi ne takardar da ke cikin kwalin ta gaza. Ta ce a haɗa da "kafar zuƙa", shi ke nan. Alhali kafofi iri biyu ne a jikin kafireta. Akwai wadda ke ƙarƙashin faifan totur, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya idan an taka totur, ita ce ke ba da zuƙar manifol koyaushe. Akwai kuma wadda ke sama da faifan kaɗan, wadda a motoci da yawa take tafiya zuwa distirbuta, kuma a silo bai kamata ta nuna komai ba. Ni na haɗa da ta biyun da farko, sai na ga allura ta ɗaga. Daga baya na fahimci wannan ma labari ne: faifan bai rufe yadda ya kamata ba, shi ya sa kafar ta samu zuƙa.

Da na koma kafar manifol, allura ta tsaya a 14 tana ɗan lilo. Daga nan aikin ya yi daɗi. Na ɗauki filaya na naɗe bakinta da tsumma, na riƙa matse tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya ina kallon allura. Ƙananan ba su canza komai ba. Da na matse babban tiyon da ke zuwa bustar birki, nan take allura ta haura 16, ƙarar injin ta kwanta. Na cire shi na duba, ashe ya tsage ta ƙasa, daidai inda maɗauri ya cije shi, wurin da ido ba ya kaiwa. Na yi makonni ina leƙen wannan inji ban ga tsagar ba. Gejin ya kai ni kanta cikin minti goma.

Sai dai sabon tiyo bai gama maganar ba, silo ya tsaya wajen 1,050. Na cire matatar iska na leƙa, na tarar faifan cok, wanda ke tare iska lokacin da inji ke da sanyi, bai miƙe tsaye sosai ba duk da injin ya yi zafi. A gefen kafireta akwai wani ɗan ƙarfe mai matakala wanda ke ɗaga silo da safe lokacin da inji ke da sanyi. Datti ya riƙe shi a matakin ƙarshe, shi ne ya hana faifan totur komawa mazauninsa. Na wanke shi da feshin wanke kafireta har ya riƙa faɗowa da kansa. A nan gejin bai taimaka da komai ba, ido da yatsa ne suka yi aikin, kuma gara in faɗi haka don kada wani ya saya yana zaton zai nuna masa kowace cuta da sunanta.

Na kuma fesa kaɗan a kewayen gindin kafireta da bakin sandar totur don in ji ko ƙarar injin za ta canza, domin gasket da sandar da ta ci sukan sha iska su ma. Ba ta canza ba. Don Allah duk mai yin wannan gwaji ya fesa kaɗan-kaɗan, nesa da manifol ɗin salansa, kuma abin kashe gobara yana kusa da hannunsa. Feshin nan yana kamawa da wuta.

Inda gejin ya fi burge ni shi ne wajen saita sukurun gaurayar mai da iska. Na tarar an warware shi kusan zagaye huɗu, wato wani can baya ya ƙara mai don ya rufe iskar da ke satar shiga. Ƙarin iska da ƙarin mai kuwa ai totur ne aka taka ba da ƙafa ba. Na mayar da shi ciki a hankali har ya zauna, ba tare da na ɗaure ba don kada bakinsa ya lalace, sannan na warware zagaye ɗaya da rabi. Daga nan na riƙa juya shi kwata-kwata, ina jira kaɗan bayan kowane juyi, ina neman inda allura za ta fi hawa. Ta tsaya a 19 ba motsi. Sannan na koma kan sukurun silo, wanda yanzu ya dawo yana jin magana, na zaunar da injin a 800. Da na buɗe totur farat ɗaya na saki, allura ta faɗi kusa da sifili, ta yi tsalle ta wuce 22, ta dawo 19, kamar yadda lafiyayyen inji ke yi.

Abin da ban ji daɗinsa ba: tiyon da ya zo da shi gajere ne kuma yana da tauri, sai da na sa wani mai tsawo don in rataye gejin nesa da fanka. Kawunan haɗin na roba ne marasa ƙwari, ɗaya ya fashe a amfani na biyu. Launukan da aka shafa a fuskar, kore da ja, kada a dogara da su sosai. Lambar da yadda allura ke motsi su ne abin kallo. Haka kuma gejin ba ya maye gurbin fitilar taimin, wadda ake duba lokacin da filogi ke ba da wuta da ita. Taimin da ya yi gaba da yawa shi ma yana ɗaga silo, kuma sai da na aro fitila na tabbatar nawa yana kan alamarsa.

Yanzu mota tana mutuwa da zarar na juya makulli, giyar farko tana shiga shiru. Gejin yana cikin akwatin kayan aikina, kuma duk lokacin da na canza filogi nakan ɗora shi in ga ko har yanzu 19 ɗin tana nan.