Dakon kaya masu haɗari daga Sakkwato zuwa masana'antar tsaro: wa za ka ba lodi?

Idan ka samu kwangilar kai wa masana'antar tsaro kaya irin su ruwan batir, tina (sinadarin tsinka fenti) ko tukwanen gas, to daga Sakkwato galibi Kaduna ka dosa, inda DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnatin tarayya, take tun 1964. Hanyar Gusau, Funtuwa da Zariya ce, fiye da kilomita 400, ga shingayen bincike ba iyaka.

Kafin ka nemi mota, karɓi takardar bayanin sinadarin daga wanda ya sayar maka. Sashe na 14 shi ke faɗin ajin kayan cikin azuzuwa 9 na Majalisar Ɗinkin Duniya: aji na 1 abubuwan fashewa, na 3 ruwa mai kama wuta, na 8 mai cin fata da ƙarfe. Duk mai motar da ka nuna wa wannan sashe ya tsaya yana sosa ƙeya, ka yi masa sallama.

Mafi sauƙi ita ce tirelar tasha ta hannun ɗan kamasho. Kuɗinta kaɗan, yau ka yi magana yau a yi lodi. Amma araha ba ta ado. Direban tasha ba ya son fili a bayan mota, kana juya baya zai ɗora buhunan albasa a kan gangunanka, ya ja tamfol. Na taɓa tsayawa kusa da gangar tina da aka cika maƙil aka bari a ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40: murfinta ya kumbura kamar cikin tulu, wari na hawa kai, ga yaron mota can gefe yana neman ashana. Kuma in an yi asara, babu inshorar da za ta dube ka.

Kamfanin dako mai rajista ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ni shi zan zaɓa. Sai dai kada sunan kamfani ya ruɗe ka. Nemi shaidarsu ta hukumar kiyaye haɗurra, wadda ke tantance masu motoci 5 zuwa sama. Je ka ga motar da idonka: alamar haɗari a jikinta, tukunyar kashe gobara da ba ta ƙare aiki ba, na'urar bin sawu, igiyoyin ɗaure ganguna. Sannan ka karanta inshorar kayan kan hanya layi-layi, don wasu sukan cire kaya masu haɗari a ƙananan rubutu. Tambaye su ma inda direba zai kwana, tunda hanyar Zamfara ba ta tafiyar dare ba ce.

Sayen motarka sai in lodin na kowane wata ne, in ba haka ba za ta zauna tana cin kuɗi.

Jirgin sama daga filin Sultan Abubakar III yana da sauri, amma ƙa'idojin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, sun hana yawancin abubuwan fashewa shiga jirgin fasinja. Jirgin ƙasa kuwa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, layin dogo a Ƙaura Namoda ya tsaya.

Aji na 1 daban yake. Nakiya tana ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa ta 1964, sai da lasisi da rakiyar 'yan sandan kwance bam. In kayan daga waje suka shigo, sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A nan ka bar masana'antar ta turo motarta da jami'anta, ko da za a rage maka riba.