Kufan Rumawa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka Da Kwanakinka?

Duk wanda ya yi niyyar ziyartar kufan Rumawa, Kolosiyam, babban filin wasan da ke birnin Rum, shi ne yake fara faɗo masa a rai, alhali daular Rum ta shimfiɗu ne daga Ingila har Siriya da Arewacin Afirka, kuma ta bar kangaye a ƙasashen da wasunsu suka fi Italiya sauƙin shiga. Kafin mutum ya biya kuɗin biza da na jirgi, ya kamata ya tsayar da abin da yake son gani: ƙasaitar masu mulki, ko rayuwar talakawan da ajali ya riska suna tsakiyar harkokinsu, ko kuwa garin da ya mutu sannu a hankali. Aya ta 9 ta Suratur Rum ta yi kira da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen mutanen da suka fi ƙarfi, suka noma ƙasa, suka raya ta. Irin wannan dubawa ba ta yiwuwa a guje, don haka shawarata ita ce a zaɓi wuri ɗaya ko biyu a ba su lokacin da ya dace.

Kolosiyam, wanda Sarki Basfasiyan ya fara ginawa kuma ɗansa Titus ya buɗe a shekara ta 80 miladiyya, yana ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000 a zamaninsa. Tikiti ɗaya ne yake shigar da mutum cikinsa da tsohon dandalin birni da Tudun Falatin, inda fadojin sarakuna suke, kuma a 2024 farashinsa Yuro 18 ne. Girman ginin yana razana mai kallo, amma cunkoson jama'a yana hana natsuwa, kuma an gina shi ne domin mutane su kalli yadda ake kashe 'yan'uwansu da namun daji. Wanda ya riga ya isa birnin Rum bai kamata ya wuce shi ba, sai dai ba shi ne wurin da zan tura mai neman ya zauna ya yi tunani a kan rayuwarsa ba.

Gasa ta ainihi tana tsakanin Fomfeyi da Harkulaniyam, garuruwa biyu da ke kusa da birnin Nafoli na kudancin Italiya waɗanda Dutsen Besubiyo ya binne da amansa a shekara ta 79. Fomfeyi babban gari ne mai faɗin hekta 66, an fara tona shi a 1748, kuma har yau akwai sashen da ba a taɓa ba. Mai ziyara zai taka titunan da ƙafafun amalanke suka ƙwarzane, ya ga gidajen burodi da duwatsun niƙansu, da shagunan abinci, da tallan 'yan takarar zaɓe a jikin bango, waɗanda ko dai sun ci ko sun faɗi, dukkansu toka ta rufe su. A 1863 wani masani mai suna Giuseppe Fiorelli ya fara ɗura farar ƙasa a cikin ramukan da gawawwaki suka bari a toka, sai siffofin mutanen suka fito yadda suka mutu, wasu sun rufe fuska, wasu sun duƙunƙune. Wajibi ne a tuna cewa mutane ne, ba kayan ado ba, a kuma tsaya gabansu da ladabi. Matsalar Fomfeyi ita ce girmansa da ƙarancin inuwa, domin yini guda ba ya isa a gama shi, kuma tun watan Nuwamban 2024 an taƙaita masu shiga zuwa 20,000 a rana.

Harkulaniyam ƙarami ne, awa biyu ko uku sun isa, amma ya fi adanuwa, saboda abin da ya rufe shi ya kai kaurin mita 20 kuma ya daskare kamar dutse. Shi ya sa ake ganin benaye da ƙofofin katako da gadaje, har da gadon jariri, duk sun zama gawayi ba tare da sun rasa siffarsu ba. A ɗakunan ajiyar kwale-kwale da ke tsohon bakin teku an gano ƙwarangwal wajen 300 na mutanen da suka taru suna jiran ceto, wasu riƙe da kuɗi da kayan ado. Daga saman ramin kuma ana hangen garin yau, Ercolano, inda mata ke shanya tufafi kuma yara ke zuwa makaranta a bisa sauran garin da ba a tono ba. A ganina, wanda yake da rabin yini kawai, ko yake tafe da dattijo, nan ya kamata ya zaɓa. Jirgin ƙasa ɗaya ne daga Nafoli yake tsayawa a tashoshin biyu, Ercolano Scavi da Pompei Scavi.

Ostiya, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum, tafiyar rabin awa ce a jirgin ƙasa daga tsakiyar birnin, kuma jama'a ba su cika yawa ba. Ba dutse ne ya kashe ta ba. Ciniki ne ya kaura, taɓo ya toshe bakin kogi, zazzaɓin cizon sauro ya kori sauran mazauna. Ɗan kasuwa zai fi kowa jin wannan wuri a jikinsa, domin akwai dandalin da fatake suka zana alamomin sana'arsu a daɓen ofisoshinsu, har da hoton giwa na fataken Sabarata ta Libiya. Ba a buɗe ta ranar Litinin.

Dukkan waɗannan suna bukatar bizar Turai, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 a 2024, kuma ba a mayar da shi idan an hana. Ga wanda wannan ya yi wa nauyi, Arewacin Afirka ba zaɓin dole ba ne, domin abin da ke can yana da darajar kansa. Masu zuwa ziyara Fas a Maroko suna kusa ƙwarai da kufan Walili, mai nisan kilomita 30 daga Maknas, inda zanen ƙananan duwatsu ke nan a daɓen gidaje yadda aka shimfiɗa su, tare da matatsun man zaitun da suka arzuta garin. A nan Maulaya Idris, wanda ya kafa daular Idrisawa ta Maroko, ya sauka a shekara ta 788, kuma garin da kabarinsa yake ana hango shi daga cikin kufan. A Tunisiya, filin wasa na Aljam, wanda aka gina wajen shekara ta 238 domin 'yan kallo 35,000, yana ba mutum kusan abin da Kolosiyam ke bayarwa, cikin rahusa da sarari. Labda ta Libiya, mahaifar Sarki Saftimiyus Saberus da ke gabas da Turabulus, tana cikin mafi kyawun biranen Rumawa da suka rage, amma UNESCO ta sa ta cikin wuraren da ke fuskantar haɗari a 2016, don haka a bincika halin tsaro sosai kafin a sa ranar tafiya.

Ko ina aka zaɓa, watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi Yuli da Agusta, lokacin da zafi da cunkoso ke haɗuwa. A Kolosiyam da Fomfeyi tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, saboda haka a saye shi tun da wuri daga shafin hukumar wurin, a rubuta suna daidai da na fasfo, a kuma guji 'yan kamasho da ke tare mutane a bakin ƙofa.