Kafin ka sayi sojojin roba don jera yaƙin Bormi

Duk wanda ya taɓa jera yaƙin Bormi a kan tebur, wato wasan kwaikwayon yaƙi da ƙananan sojojin roba, ya san inda gizo ke saƙar. Ranar 27 ga Yuli 1903 rundunar Turawa ta zo wa garin, wanda kufansa ke kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye, da igwa da bindigar Maxim mai jigida. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru kuwa yawancinsu kibiya da mashi da takobi ne a hannunsu. In ka bi tarihi sak, kafin shayi ya huce wasa ya ƙare, kuma abokin da ya riƙe ɓangaren Attahiru ba zai dawo mako mai zuwa ba. To, ina za ka zuba kuɗinka wasan ya yi armashi ba tare da ka yi wa tarihi ƙarya ba?

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ƙaro mayaƙa, shi ne kuma mafi tsada. Kamfanin Perry Miniatures na Ingila yana da akwatin mayaƙan Mahadi na Sudan, na roba, masu tsayin milimita 28, guda 40 a ciki. Sun yi kyau, sai dai jibba mai faci ce a jikinsu, ba riga da rawani ba, dole ka zauna gyara da fenti. Da fam za ka biya, ga kuɗin aike har Gombe, ga jira. Ƙananan nan na ma'aunin 1/72, irin na kamfanin HaT, sun fi araha kuma ba sa cin tebur. Amma ko ɗari biyu ka tara, Maxim bindiga ce mai zubar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. A buɗaɗɗen fili ƙarin mutane ƙarin gawa ne kawai.

Kada kuma ɗan kasuwa ya liƙa maka Turawa masu jar riga na yaƙin Zulu. Waɗanda suka zo Bormi sojojin rundunar Afirka ta Yamma ne da Lugga ya fara haɗawa a 1897, yawancinsu Hausawa da Yarbawa, hafsoshin ne kaɗai Turawa. Askarawa masu hular dara za ka nema, kuma kaɗan sun isa.

Kan littafin dokoki, biyu ne suka cancanci dubawa. The Sword and the Flame na 1979 da karta yake aiki: a juya kati, ja na Turawa, baƙi na abokan gabarsu, don haka ba wanda ya san mai motsi na gaba. Wannan rashin tabbas kaɗai yana rage wa mai bindiga girman kai. The Men Who Would Be Kings na kamfanin Osprey, 2016, da maki yake auna runduna, 24 ga kowane ɓangare. Ya fi sauƙi ga sabon shiga kuma ba ya buƙatar mayaƙa da yawa, sai dai daidaita makin yana sa Bormi ta koma wani faɗa da ba a yi ba.

Ni dai a ganuwa zan kashe kuɗina. Bormi gari ne mai ganuwa, kuma ita ce ta yi aiki a watan Mayu na shekarar, lokacin da rundunar Kyaftin Sword ta kasa shiga ta ja da baya zuwa Bauchi. Kwali, gam, yashi da fenti ruwan ƙasa sun isa, ko ka kai wa maginin tukwane zane ya gina maka da yumɓu a gutsure-gutsure. Ka sa ƙofofi, lunguna da bukkoki. Da zarar Maxim ba ta ganin nesa, dole soja ya shigo inda kibiya ke isa gare shi. Ai kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan Turawan, a ranar 27 ga Yuli.

Sauran gyaran kyauta ne, dayis ɗin lido kawai yake so. A ƙayyade harsashi, in an jefa ɗaya bindigar ta cije. Sannan a sauya ma'anar nasara. Attahiru hijira yake yi zuwa gabas, ba riƙe gari ya kawo shi ba, kuma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tsira da jama'a har Sudan. Saboda haka ɓangarensa ya ci wasa in ya fitar da tuta da rabin jama'a ta ƙofar gabas kafin zagaye na goma, ko da garin ya faɗi. A buga sau biyu ana musayar ɓangare, a haɗa maki.

Akwai waɗanda ba sa son mutum-mutumi a gida, wasu kuma ransu bai kwanta da siffanta waɗanda suka yi shahada ba. Kafinta zai yanka maka ƙananan katakai, ka liƙa wa kowanne tuta da lamba, dokokin duka biyu za su hau kansu. Da waɗannan ma ya kamata ka fara gwaji sau biyu ko uku, ka ga adadin da tebur ɗinka zai ɗauka kafin ka aika a sayo akwati ko ɗaya.